Nigeria Airways: Kayan Aro Ba Ya Rufe Katara

Lokacin da Nigeria Airways, kamfanin jiragen sama na gwamnatin Najeriya, ya daina tashi a 2003, jirgi ɗaya tak ya rage masa mai lafiya, shi ne yake ɗan zagaya garuruwan cikin gida. Hanyoyin ƙetare kuwa da jirage biyu na haya ake lallaɓa su. Bashin da ke wuyansa ya haura dala miliyan 500. Shekara ashirin kafin nan, kamfanin yana da jirage kusan talatin da ofisoshi a Landan da Jidda da New York, kuma da wuya ka sauka a wani babban filin jirgi na Afirka ta Yamma ba ka hango jirgi mai launin kore da fari da tambarin giwa mai fukafukai a wutsiyarsa ba.

In aka tayar da zancen a majalisar hira, amsar da ake bayarwa guda ce: an cinye shi. Gaskiya ne an ci, kuma an ci da yawa. Sai dai in mutum ya bi tarihin kamfanin daga farko, akwai wani abu da yake ta dawowa. Hanya tasa ce, fasinja nasa ne, suna da fenti nasa ne, amma duk sa'ad da aiki ya yi nauyi, jirgin wani ake hawa. Da aro ya fara, da aro ya ƙare, kuma manyan masifu biyu da suka same shi a kan jiragen aro suka faru.

Daga WAAC zuwa giwa mai tashi

Kano tana cikin garuruwan da suka fara ganin jirgin sama a Najeriya, a 1925, lokacin da jiragen sojan saman Birtaniya suka taso daga Masar suka sauka a can. Zuwa 1936 jiragen kamfanin Imperial Airways na Birtaniya sun fara zuwa Kano daga Khartum da wasiƙu da fasinja. Jiragen wancan zamani ba sa iya tsallake Sahara su wuce kudu ba tare da sun sha mai ba, don haka Kano ta zama zango tsakanin Turai da sauran Afirka tun kafin Legas ta yi suna a wannan fanni.

A 1946 Turawan mulki suka kafa West African Airways Corporation, wato WAAC, na haɗin gwiwar ƙasashe huɗu: Najeriya da Gana, wadda a lokacin ake kira Gold Coast, da Saliyo da Gambiya. Da Gana ta sami 'yanci a 1957 sai ta janye ta kafa nata. Najeriya ta gaji abin da ya rage, aka yi wa sabon kamfanin rajista da sunan WAAC Nigeria, ya fara aiki ranar 1 ga Oktoba 1958. Gwamnati tana da kashi 51 cikin ɗari, ragowar na kamfanin jiragen ruwa na Elder Dempster ne da kamfanin jiragen saman Birtaniya, BOAC. A 1961 gwamnati ta sayi hannun jarinsu ta mallake shi baki ɗaya, a 1971 kuma sunan Nigeria Airways ya zama nasa a hukumance.

Hanya mafi tsoka tun farko ita ce Legas zuwa Landan ta Kano. A shekarun farko jiragen BOAC ne suke yin ta, da matuƙan BOAC, a liƙa musu sunan Najeriya a jiki. Ba abin kunya ba ne ga jariri ya fara da rarrafe, haka kusan kowane kamfanin Afirka ya fara. A cikin gida kuwa ƙananan jirage masu farfela ne suke aiki, musamman Fokker F27 da aka kawo a farkon shekarun 1960, kuma a 1964 aka kafa makarantar koyon tuƙin jirgi ta Zariya, wadda ta yaye matuƙa da injiniyoyi da yawa da suka riƙe kamfanin daga baya.

A 1969 kamfanin ya sayi babban jirgi samfurin VC10 daga hannun BOAC don ya riƙa yin hanyar Landan da abin kansa. Bai cika wata biyu a hannunsu ba. Ranar 20 ga Nuwamba ya taso daga Landan, ya tsaya a Rum, ya tsaya a Kano, yana gab da sauka a Legas ya faɗi cikin daji. Mutum 87 da ke ciki babu wanda ya tsira. Aka koma haya.

Shekarun mai

Kuɗin man fetur na shekarun 1970 ne suka mayar da shi babban kamfani. Aka sayi Boeing 707 don dogon zango, da Fokker F28 da Boeing 737 da 727 don cikin gida da maƙwabta, sai DC-10 mai faɗin ciki a 1976. A tsakiyar shekarun 1980 aka ƙaro Airbus A310 guda huɗu.

Taswirar hanyoyinsa a wancan lokaci abar kallo ce. Daga Legas ana tashi zuwa Kano da Kaduna da Jos da Maiduguri da Sakkwato da Yola, a kudu kuma Inugu da Fatakwal da Kalaba da Binin. Akwai jirgin da yake bin gaɓar teku yana sauka gari-gari kamar motar haya: Kwatano, Lome, Akara, Abijan, Monrobiya, Firitawun, Banjul, har Dakar. Ta gabas ana zuwa Duwala da Libirbil da Nairobi. A Turai akwai Landan da Rum da Amstadam, sannan Jidda da New York. Bayan fasinja yana ɗaukar kaya da wasiƙu, yana da sashensa na dafa abincin cikin jirgi da na lodi da sauke kaya a filin jirgi. A cikin gida ba shi da kishiya, domin doka ta ba shi shi kaɗai izinin jigilar fasinja bisa jadawali. Gwamnati kuma ita ke ƙayyade kuɗin tikiti.

Wannan rashin kishiya shi ya haifar da abin da tsofaffin fasinjoji ba sa mantawa. Tikiti a hannu ba ya nufin kana da kujera. Sai ka sami katin shiga jirgi, wanda sau da yawa a hannun 'yan kamasho yake, kuma ko ka samu, katunan da aka raba sukan fi kujerun jirgin yawa. Da an buɗe ƙofa sai ka ga manya da babbar riga an naɗe hannu an ruga a guje a kan kwalta, jaka a hannu, kowa yana son ya riga wani taka matakala. Wanda ya makara ya dawo ya jira na gobe. Kamfanin da fasinja ke tsere don su ba shi kuɗi, ba za a ce kasuwa ya rasa ba.

A 1979 gwamnatin soja ta Obasanjo ta ɗauko kamfanin KLM na Holan ya riƙe ragamar gudanarwa na shekara biyu. Masu bin tarihin kamfanin sun yi ittifaƙi cewa a wannan ɗan tsakani da farkon shekarun 1980 ya kai ƙololuwarsa. Yarjejeniyar ta ƙare a 1981 a zamanin Shagari, ba a sabunta ba. Abin lura shi ne, shekara biyu ba ta isa a gina al'adar aiki ba. Kamfanin Habasha, Ethiopian Airlines, wanda shi ma na gwamnati ne ɗari bisa ɗari, ya yi kusan shekara talatin yana aiki da TWA na Amurka tun daga 1946, a hankali 'yan ƙasa suna karɓar muƙamai, sai a 1971 Bahabashe ya zama shugabansa. Sarkin Habasha ya faɗi, sojoji masu ra'ayin gurguzu suka hau, su ma suka faɗi, kamfanin yana nan. Shi ya sa duk wanda ya ce mallakar gwamnati ce kawai ta kashe Nigeria Airways, sai ya fara bayyana mana yadda na Habasha ya rayu.

Jigilar alhazai

A nan ne lamarin ya fi fitowa fili, kuma a nan ya fi taɓa mutanen Arewa. Babu kamfanin da ba zai yi fatan samun irin wannan ciniki ba: fasinja dubbai da suka biya kuɗinsu tun watanni kafin tafiya, ranar tafiya sananniya, wurin zuwa guda. A 1977 maniyyatan Najeriya sun haura dubu ɗari. Matsalar ita ce duk wannan jama'a a cikin 'yan makonni za a kwashe su, a kuma dawo da su cikin 'yan makonni, jirgi ya tafi cike ya dawo wayam. Babu kamfanin da zai sayi jiragen da za su wadatar da wannan aiki su yi ta zama sauran shekara. Shatar jirgi dole ce. Tambayar ita ce wa ake ɗauka, wa ya duba jirginsa, kuma wa yake da ikon cewa kada ya tashi.

Ranar 22 ga Janairu 1973, wani Boeing 707 na kamfanin Alia na ƙasar Jodan, wanda Nigeria Airways ya yi shata, ya kwaso alhazai daga Jidda zai kai su Legas. Rashin kyawun yanayi a Legas ya sa aka karkatar da shi zuwa Kano. Wajen sauka ƙafarsa ta karye, ya kauce daga titi, ya kama da wuta. Cikin mutum 202 da ke ciki, 176 suka rasu. A lokacin yana cikin haɗurran jirgin sama mafi muni da duniya ta taɓa gani.

Na biyun ya fi ciwo, domin an san da matsalar kafin jirgin ya motsa. Ranar 11 ga Yuli 1991, jirgi samfurin DC-8 mallakar kamfanin Nationair na Kanada ya shirya tashi daga Jidda zuwa Sakkwato da alhazai 247 da ma'aikata 14, a ƙarƙashin lambar tafiya ta Nigeria Airways, 2120. Wani kamfanin dillanci ne ya yi shatarsa, don haka tsakanin sunan da ke kan tikiti da mutanen da ke riƙe da sifana akwai hannu biyu. Bincike ya gano cewa tayoyi biyu ba su da isasshiyar iska, kuma makanikan sun san da haka kwanaki kafin ranar. Da safiyar tafiyar an nemi iskar nitirojin da ake hura tayar jirgi da ita, ba a samu nan take ba, jami'in da ke kula da aikin kuma bai yarda a jinkirta tashi ba. Jirgi yana gudu a kan titi, nauyi ya koma kan taya mai lafiya, ta fashe, ta kusa da ita ta bi ta. Ƙarfe ya riƙa gogar kwalta har roba ta kama wuta. Matuƙan ba su san da wutar ba, domin babu na'urar da za ta sanar da su a wannan wuri, suka tashi suka naɗe ƙafafun jirgin, wato suka shigar da wutar cikin cikinsa, kusa da wayoyin lantarki da bututun mai da na birki. Suka juyo za su sauka, wuta ta riga ta cinye daɓen da kujeru ke kai. Jirgin ya faɗi kafin ya kai titi. Mutum 261, babu wanda ya fita. Allah Ya jiƙansu. Har yau babu haɗarin DC-8 da ya kai wannan yawan rai, Nationair kuma ya rushe a 1993.

Ajali in ya zo babu makawa, wannan kowane Musulmi ya sani. Amma tayar da ba a hura ba sakaci ne, kuma sakacin ya faru ne a wurin da kamfanin da sunansa ke kan tafiyar ba shi da ido.

Jirgin gwamnati, aikin gwamnati

Wani abin da ya riƙa cin kamfanin shi ne yadda masu mulki suka ɗauke shi tamkar motar gida. Jami'ai su hau da takardar gwamnati, kuɗin ya zama bashin da ba ranar biya. A janye jirgi daga jadawali don tafiyar shugaba, fasinjan da suka sayi tikiti su kwana a filin jirgi. Shugabannin kamfanin kuwa ana sauya su kusan duk lokacin da gwamnati ko minista ya sauya, wasu ma hafsoshin soja ne aka turo.

Misalin da duniya ta gani shi ne na Yuli 1984. An sace Alhaji Umaru Dikko, ministan sufuri a gwamnatin Shagari, a ƙofar gidansa a Landan, aka yi masa allurar barci, aka saka shi cikin akwatin katako tare da wani likita ɗan Isra'ila da zai kula da numfashinsa. Jirgin da ke jira a filin Stansted don ya kwashi akwatin zuwa Legas, Boeing 707 ne na dakon kaya na Nigeria Airways. Jami'an kwastan suka lura akwatunan ba su da cikakkiyar shaidar kayan jakadanci, suka buɗe. Birtaniya ta tsare jirgin, Najeriya ta rama da tsare jirgin British Caledonian a Legas. Kamfanin da ke neman fasinjan Landan ya wayi gari sunansa yana shafin farko na jaridun Ingila a kan satar mutum. Bayan shekara tara siyasa ta sake biyo shi: a Oktoba 1993 wasu samari huɗu masu adawa da soke zaɓen 12 ga Yuni suka karkatar da A310 ɗinsa da ya taso daga Legas zuwa Abuja, suka kai shi Yamai, sai da jami'an tsaron Nijar suka kutsa ciki bayan kwanaki.

Kuɗin shiga da naira, kashewa da dala

Duk da haka, abin da ya karya ƙashin bayansa lissafi ne. Kamfanin jirgi a Najeriya yana karɓar yawancin kuɗinsa da naira, amma kayan gyara da inshora da kuɗin haya da babban gyaran da ake kai jirgi waje, duk da dala ake biya. A farkon shekarun 1980 naira ɗaya ta fi dala ɗaya daraja. Bayan tsarin tsuke bakin aljihu na Babangida a 1986, dala ta koma kusan naira 4 a 1987, ta kai wajen 22 a farashin gwamnati a 1993, ta haura 100 kafin kamfanin ya rufe. Kuɗin tikitin cikin gida bai bi wannan tashi ba, domin ba kamfanin ke yanka shi ba. Ma'aikata kuma sun yi yawa ƙwarai, dubbai a kan jiragen da kullum raguwa suke.

Daga nan sai abu ya zama zobe. Jirgi ya tafi Turai gyara, babu kuɗin fanso shi, ya zauna can. Wanda ke gida ya lalace, a kwance kayan wani a ɗaura masa, wancan ya zama gawa a gefen fili. Masu bin bashi su sa kotu ta tsare jirgi in ya sauka a ƙasarsu. A 1987 ƙungiyar kamfanonin jiragen sama ta duniya, IATA, ta dakatar da shi daga zauren da kamfanoni ke biyan juna kuɗin fasinjan da suka ɗaukar wa juna. Ma'anar wannan a aikace ita ce tikitin Nigeria Airways ya daina amfani a wajen sauran kamfanoni: wanda zai wuce Landan zuwa wani gari sai ya sayi wani daban. A watan Janairun shekarar ne kuma wani DC-10 nasa ya ƙone a Ilori lokacin atisayen matuƙa. Abin mamaki, DC-10 na ƙarshe da masana'antar McDonnell Douglas ta ƙera a duniya, Nigeria Airways aka miƙa wa a 1989. Sayen sabo bai taɓa gagarar kamfanin ba. Riƙon wanda ke hannu ne ya gagare shi.

A daidai wannan lokaci gwamnati ta buɗe ƙofa ga 'yan kasuwa. Okada Air da Kabo Air, daga baya ADC da Bellview da Chanchangi, suka shigo da tsofaffin jirage masu arha suka kwashe fasinjan cikin gida. Ƙetare ma ta rufe: a 1993 Amurka ta hana zirga-zirga tsakaninta da filin jirgin Legas saboda matsalar tsaro, haramcin da ya kai ƙarshen 1999, a 1997 kuma Birtaniya ta hana jiragen kamfanin shiga ƙasarta bisa dalilin rashin ingancinsu. Abin da ya rage masa mai daraja shi ne izinin hanya, wato haƙƙin da yarjejeniyar ƙasa da ƙasa ta ba Najeriya na zuwa Landan ko New York. Sai ya koma cin abinci da wannan izini, wani ya kawo jirgi a raba riba. Haka aka yi da South African Airways a hanyar New York a 2001, ba a daɗe ba aka watse.

Gwamnatin Obasanjo ta farar hula ta gayyato IFC, reshen Bankin Duniya, don ya ba da shawarar yadda za a sayar da kamfanin, IFC ya janye a 2001. Kwamitin bincike ƙarƙashin Mai Shari'a Obiora Nwazota ya bankaɗo ɓarnar biliyoyin naira ya ambaci sunaye, rahoton ya shiga durowa. A 2003 aka tsayar da aiki, aka shiga sayar da kadarori. Ma'aikata dubbai suka koma gida babu haƙƙinsu cikakke. Gwamnatin 'Yar'aduwa ta biya wani kaso, sai a 2018 gwamnatin Buhari ta saki kimanin naira biliyan 22, rabin biliyan 45 da aka amince ana bin ta. Shekara goma sha biyar ke nan bayan rufewa, kuma da yawa daga cikin masu haƙƙin sun riga mu gidan gaskiya kafin kuɗin ya fito.

Magada

Hanyoyin ba su mutu ba. British Airways da Virgin Atlantic suka ci gaba da cika jiragensu a Legas, Max Air da Flynas na Saudiyya da wasunsu suka gaji alhazai, a Maris 2024 kuma Air Peace ya fara zuwa Landan. Sashen lodi da sauke kaya na tsohon kamfanin, SAHCOL, an sayar wa kamfanin Sifax a 2009, yana nan yana aiki.

Yunƙurin maye gurbin Nigeria Airways da sabon kamfanin ƙasa ne ya ƙi ci. Virgin Nigeria ya fara tashi a 2005, Virgin Atlantic yana da kashi 49, aka saɓa da gwamnati a kan tashar da zai riƙa amfani da ita a filin jirgin Legas, Turawan suka janye. Ya zama Nigerian Eagle, ya zama Air Nigeria, ya rufe a 2012. A Yuli 2018 ƙaramin ministan sufurin jiragen sama Hadi Sirika ya ƙaddamar da suna da tambarin Nigeria Air a bikin baje kolin jirage na Farnborough a Ingila. Daga baya aka zaɓi Ethiopian Airlines ya riƙe kashi 49, kamfanonin cikin gida suka garzaya kotu. Ranar 26 ga Mayu 2023, saura kwana uku gwamnatin Buhari ta sauka, wani Boeing 737 ya sauka a Abuja da fentin Nigeria Air a jikinsa, aka yi masa feshin ruwa na maraba, manya suka ɗauki hoto. Lambar rajistar da ke jikinsa ta Habasha ce, jirgin na Ethiopian Airlines ne da aka yi shata. Bayan biki ya koma Adis Ababa, aka goge fentin, ya ci gaba da ɗaukar fasinjansa. Sabon minista Festus Keyamo ya dakatar da shirin, a Agusta 2024 kuma Babbar Kotun Tarayya da ke Legas ta soke cinikin.